Maganin da Ba Ya Jiran Sulhu: Matasan Birnin Gwari da Cutar Ƙanjamau

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani na Jihar Kaduna ya je Birnin Gwari ya karɓi tubar wasu daga cikin 'yan bindigar daji, aka kuma sake buɗe kasuwar Kara bayan ta yi kusan shekara goma a rufe, mutanen ƙasar sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu, domin wanda ya daɗe bai ji kukan shanu da hayaniyar dillalai a garinsu ba, shi ya san ƙimar wannan rana. Manyan motoci suka koma ɗaukar dabbobi zuwa kudu, manoma suka fara leƙa gonakin da saura ta cinye, direbobin da suka ƙaurace wa hanyar Kaduna suka soma gwada ta a hankali.

Tun daga ranar ake ta lissafin abin da fitina ta ci: rayuka, da shanu, da makarantu, da kuɗin fansa waɗanda Allah kaɗai Ya san adadinsu. Akwai kuma wani lissafi wanda ba a karanta shi a taro, ba a ambatarsa a huɗuba, domin yana cikin littattafan rajista na asibiti, inda ake rubuta kowane mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da ranar da ya kamata ya komo karɓar magani.

Idan rana ta wuce, wata ya wuce, mutum bai zo ba, ma'aikatan lafiya sukan ce, “Ya ɓace mana.” A ko'ina cikin ƙasar nan kuwa, babu rukunin da ya fi saurin ɓacewa daga wannan rajista kamar samari da 'yan mata, waɗanda sun wuce a goya su a kai su asibiti, ba su kuma kai su riƙe kuɗin motar kansu ba.

Ƙasa mai faɗi, asibiti a nesa

Birnin Gwari ƙaramar hukuma ce a suna, amma faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutane wajen 250,000 a cikinta, warwatse a mazaɓu 11. Dajin Kamuku, wanda aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana haɗe da dajin Kuyambana, kuma wannan surƙuƙi da ya zama alfaharin masarauta a dā shi ne ya zama mafakar ɓarayin shanu da masu satar mutane, daga baya har da 'yan ƙungiyar Ansaru a gabashin masarautar.

Babban asibitin gwamnati, mai ɗauke da sunan Jibril Mai Gwari, yana cikin garin Birnin Gwari. Wanda yake zaune a Randagi ko Kakangi, ko can gabas wajen Kuyello da Dogon Dawa da Damari, kafin ya isa inda za a duba shi sai ya ratsa hanyoyin da aka yi shekaru ana tare su da rana tsaka. Ga shi kuma mai wannan lalura, saboda tsoron idon sani, sau da yawa yakan tsallake asibitin da ke kusa da shi ya tafi Kaduna, tafiyar kilomita 120 da wani abu, ko Funtuwa, ko Zariya, domin kada ya yi kiciɓis da maƙwabci a kan bencin jira.

A watan Mayu na 2018 aka kashe mutane fiye da 40 a ƙauyen Gwaska. Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya sha kai kukan talakawansa ga hukuma, haka ma ƙungiyar ci gaban masarautar. Daga ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin jiha, domin ta matsa wa 'yan bindiga, ta sa aka katse layukan waya a yankin, ta hana zirga-zirgar babura, ta tsayar da kasuwannin mako. Ko mene ne amfanin waɗannan matakai ta fuskar tsaro, sun tsinke abubuwa biyu da aikin kula da masu ƙanjamau ya dogara a kansu a karkara, watau wayar da ake kiran wanda bai zo ba, da babur ɗin da ake bin sawunsa.

Dalilin da ya sa wannan ya zama babban al'amari yana cikin ɗabi'ar cutar kanta. Maganin da ake bayarwa yanzu, ƙwaya ɗaya a kowace rana wadda ta haɗa magunguna uku, ciki har da dolutegravir da Nijeriya ta koma kansa wajen 2019, yana danne ƙwayar cutar har gwaji ya kasa ganinta a cikin jini, kuma wanda ya kai wannan matsayi ya dawwama a kai ba ya sa wa abokin aurensa. Sai dai maganin ba ya kashe ta. Tana nan a ɓoye kamar irin wuta-wuta a cikin ƙasar gona, wanda manomin dawa ya san cewa rashin ganinsa bana bai nuna ya ƙare ba. Da an bar shan magani na 'yan makonni sai ta farfaɗo, kuma idan aka riƙa sha ana bari, tana iya bijire wa maganin, har a koma ga wani mai tsada da wuyar samu.

Yadda hukuma ta shigo cikin sha'anin

A 1986 aka ba da sanarwar samun cutar a Nijeriya karon farko, aka kuma yi shekaru goma sha ana musu da ɗaurin kai, wasu na cewa ciwon Turawa ne, wasu na cewa sammu ne. Sai da mulkin farar hula ya dawo, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa kwamitin yaƙi da cutar a 2000, wanda doka ta mai da shi hukumar NACA a 2007. A Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, alkawarin da mai masaukin baƙin kanta ba ta taɓa cika shi a kasafin tarayya ba. A 2002 aka fara raba magani a cibiyoyi 25 a kan kuɗi kaɗan, a 2006 aka mai da shi kyauta, bayan da shirin PEPFAR na Amurka da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro suka shigo da dukiyarsu.

Jihar Kaduna ta taɓa tsorata ƙwarai, domin wani bincike na 2012 ya sa ta cikin jihohin da cutar ta fi yawa, da wajen kashi 9 cikin ɗari. Babban binciken gida-gida na 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a Maris na 2019, ya rage adadin jihar zuwa kashi 1 da ɗan ɗoriya, na ƙasa baki ɗaya kuma kashi 1.4, watau mutane wajen miliyan 1.9. Mafi yawan wannan bambanci daga ingancin awo ya zo, domin binciken 2018 ya fi na 2012 faɗi da tsanaki. Kuma a ganina saukar adadin ta zo da tata illar, saboda ta ba masu riƙe da baitulmali uzurin ɗauka cewa wuta ta mutu.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa cikin binciken 2018 shi ne cewa 'yan mata masu shekara 20 zuwa 24 sun ninka samari tsaransu fiye da sau uku wajen ɗaukar cutar.

Su wane ne waɗannan matasa?

Da an ce matashi mai ƙanjamau, abin da yake fara zuwa zukatan mutane shi ne alfasha, kuma wannan mummunan zato shi ne zalunci na farko da ake yi musu. Kaso mai yawa daga cikinsu da cutar aka haife su, ko suka sha ta a nono, a ƙasar da mafi yawan matan karkara a gida suke haihuwa a hannun ungozoma, da yawansu ba tare da sun je awon cikin da za a gwada su a ba su maganin da zai kare jariri ba. Nijeriya ta daɗe tana cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ake haifa da cutar a duniya. Yaran da aka haifa haka shekara 15 ko 20 da suka wuce, waɗanda Allah Ya raya ta dalilin magani, su ne samari da 'yan matan yau, kuma da yawansu marayu ne a hannun kaka ko gwaggo.

Akwai kuma yarinyar da aka aurar tana 'yar shekara goma sha, ta tarar da cutar a ɗakin mijinta. Akwai yaron da talauci ya tura ramukan haƙar zinariya, inda kuɗi ke zuwa farat ɗaya kuma babu babba mai kwaɓa. Birnin Gwari tsohon zango ne a kan hanyar manyan motoci da ke bi ta Tegina da Mokwa zuwa Ikko, kuma duk inda matafiya suke kwana akwai abin da ke biyo baya.

Sannan akwai waɗanda harshe yake nauyin ambatonsu, watau mata da 'yan matan da aka sace aka tsare a daji, aka keta musu haddi. Likitanci yana da kariya ga wanda aka yi wa haka: maganin da ake sha kwana 28 domin hana ƙwayar cutar kama jiki, da sharaɗin a fara shi kafin awa 72 su cika. Wadda ta yi mako shida a hannun 'yan bindiga ana cinikin fansarta, wannan ƙofa ta rufe mata tun tuni. Abin da ya rage shi ne gwaji da kulawa bayan ta dawo, alhali kuwa iyaye, saboda son suturta 'yarsu da tsoron kada ta rasa mijin aure, sukan zaɓi yin shiru. Duk wani tsarin sake tsugunar da jama'a bayan sulhu wanda bai tanadi hanyar da irin wannan baiwar Allah za ta sami gwaji a asirce ba, ya bar babban gurbi.

Nauyin sirri

Ma'aikatan da ke kula da yara sun san wata tambaya da ke zuwa wa kowane gida, ko ba daɗe ko ba jima. Yaro ya kai shekara goma sha ɗaya, ya lura shi kaɗai ne cikin 'yan'uwansa ake tashi da dare a ba ƙwaya, sai ya ce, “Iya, wai maganin mene ne wannan?” Amsar da aka saba ita ce, “Na ƙarin jini ne, ɗan nan, sha ka kwanta.” Wasu sukan ce na sikila ne, wasu na ciwon ƙirji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2011 cewa a riƙa sanar da yaro halinsa sannu a hankali tun yana shekarun makaranta, gwargwadon hankalinsa. Amma uwar da za ta yi wannan bayani ta san cewa da ta faɗa, ta tona nata asirin ke nan, watakila da na mijinta da ya rasu, kuma tana tsoron kada yaro ya kai maganar wurin wasa ko kunnen kishiya. Saboda haka ake ta jinkiri, har yaron ya karanta sunan maganin a jikin kwalba ya bincika a waya, ko ya tsinci labarin a bakin wani cikin gori. Wanda ya sani ta wannan hanya yakan yi fushin da ba shi da inda zai sauke shi sai a kan maganin, ya daina sha.

Makarantar kwana ma tana da nata jarrabawar, domin ɗalibi ba shi da inda zai ɓoye kwalba a ɗakin da mutum talatin suke kwana, kuma neman izinin fita zuwa asibiti kowane 'yan watanni yana jawo tambaya. Almajiri kuwa, wanda ba shi da akwati mai makulli, ba shi da tabbacin abin da zai sa a ciki kafin ya sha magani, lamarinsa ya fi haka tsanani.

Abu guda ya yi sauƙi, kuma ya dace a faɗe shi domin mutane da yawa ba su sani ba: da yake maganin yanzu sau ɗaya ake sha a yini, mai ƙoshin lafiya yana iya yin azumin Ramadan ya sha ƙwayarsa bayan buɗa-baki, idan ya shawarci likitansa. A zamanin da ake sha safe da yamma, matasa da yawa sukan bar magani wata guda cur domin kada a ga suna ci da rana.

Lokacin da Birnin Gwari ta shiga cikin bakwai

A 2015 UNICEF da hukumar UNAIDS suka ƙaddamar da wani yunƙuri na duniya domin matasa, bayan an lura cewa mace-mace suna raguwa a tsakanin manya da ƙananan yara, amma ba sa raguwa haka a tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 19. A Nijeriya jihohin Binuwai da Kaduna aka fara da su, kuma NACA ta fitar da tsari na musamman domin matasa na 2016 zuwa 2020. A Kaduna, hukumar jiha mai yaƙi da cutar, KADSACA, tare da UNICEF suka zaɓi ƙananan hukumomi bakwai: Chikun, Igabi, Lere, Kagarko, Jaba, Jema'a da Birnin Gwari.

Hikimar aikin ita ce a sa matasa su yi wa matasa magana. Aka horar da samari da 'yan mata su shiga unguwanni da majalisun hira su jawo tsaransu zuwa gwaji, wasu kuma aka koya musu yin gwajin da ba da shawara, saboda an gane cewa saurayin da ba zai taɓa buɗe baki gaban ma'aikaciyar jinya sa'ar mahaifiyarsa ba, zai yi hira da abokinsa a gindin bishiya.

Daga baya wani tsari da aka faro a Kenya a 2016 ya iso Nijeriya wajen 2019, ana kiransa OTZ, manufarsa sifiri uku: kada a tsallake ranar asibiti, kada a tsallake shan magani, kada gwaji ya ga ƙwayar cuta a jini. Ana ware wa matasa ranarsu ta daban a asibiti, su zauna tare su ga cewa ba su kaɗai ba ne. Wanda ya taɓa ganin yadda fuskar yaro take sakewa ranar da ya tarar da tsaransa goma masu shan irin ƙwayarsa, ba ya buƙatar wata hujja a kan amfanin wannan tsari.

Masu ɗauke da cutar su ma ba su zauna jiran a yi musu ba. Ƙungiyarsu ta ƙasa, NEPWHAN, tana nan tun 1998, matasa kuma suna da tasu, APYIN, wadda 'ya'yanta suke tsayawa gaban ministoci da 'yan majalisa su bayyana halinsu da bakinsu, abin da ke buƙatar jarumtar da ba kowane dattijo yake da ita ba. Maganarsu a kullum ita ce kada a yanke hukunci a kansu ba da su ba.

Illar duk waɗannan ayyuka ɗaya ce, kuma tsohuwa ce: shiri ne mai wa'adi, da kuɗin baƙo. Idan wa'adi ya cika, ɗan alawus ɗin da ake ba matashin da aka horar ya tsaya, sai ya koma acaɓa ko gona, ilmin da aka zuba masa ya tafi tare da shi.

Gardamar shekaru

Mas'alar da ta fi jawo ja-in-ja ita ce ta shekarun da yaro zai iya neman gwaji da kansa. Ƙa'idar Nijeriya ta daɗe tana neman izinin iyaye ko waliyyi ga wanda bai kai 18 ba, sai fa irin wadda ta yi aure ko take da ciki. APYIN da wasu ƙungiyoyi sun yi shekaru suna roƙon a sauko da shi zuwa 14, hujjarsu kuwa ita ce yaron da ya fi buƙatar gwaji shi ne wanda ba zai iya zuwa wurin mahaifinsa ya nemi izini ba.

Iyaye da malamai da yawa suna ganin wannan buɗe ƙofar fasadi ce, da zare yaro daga ƙarƙashin ikon gidansu. Ba a rasa gaskiya cikin damuwarsu ba, domin ɗan shekara 14 da aka gaya wa irin wannan labari shi kaɗai, aka sallame shi ya koma gida da shi a ciki, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Irin wannan fargaba ce ta dabaibaye darasin rayuwar iyali da ƙanjamau da aka sa a manhajar makarantu tun farkon shekarun 2000, har Ministan Ilmi Adamu Adamu ya ba da umarni a Nuwamba na 2022 a cire koyar da sha'anin jima'i daga manhajar ilmin farko, yana ganin aikin iyaye da malaman addini ne.

Sai dai wanda ya duba mas'alar da idon fiƙihu zai ga abin mamaki. Balaga tana tabbata da alamominta, waɗanda kan bayyana tun kafin 18, kuma daga ranar mutum ya zama mukallafi, ana binsa salla da azumi, ana rubuta masa lada da zunubi. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a da malaman usulu suka ƙidaya. To, ta yaya wanda aka ɗora wa alhakin lahirarsa za a ce bai isa ya san abin da ke cikin jininsa ba? Ra'ayina shi ne a sauko da shekarun, da sharaɗin mai ba da shawara ya taimaki yaron ya zaɓi babba guda da ya amince da shi, ko uwa, ko kawu, ko malaminsa, wanda zai riƙe amanar tare da shi. A ƙasar da fitina ta raba dubban yara da iyayensu, neman sa hannun waliyyi sau da yawa neman wanda ba ya raye ne.

Doka a takarda, aure a zaure

Tun 2014 Nijeriya take da dokar hana nuna wariya ga masu ƙanjamau, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta saboda halinsa, ta hana a tilasta gwaji a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki, ta hana a bayyana sirrinsa ba da yardarsa ba. Doka ce mai kyau, amma mai ƙara yana buƙatar ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da yake ɓoyewa, saboda haka waɗanda aka zalunta sukan bar wa Allah.

Inda tsangwama ta fi ciwo kuma doka ba ta isa wurin ba, watau zauren da ake neman aure. Gwaji kafin ɗaurin aure ya bazu a Arewa: Hisbah ta Kano ta sa shi sharaɗi a auren zawarawa tun 2012, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta shi a jihar a 2024, limamai da yawa a wasu wurare ma ba sa ɗaura aure sai sun ga takarda. Maslahar da ke cikin wannan a fili take. Mafsadar kuwa ita ce takardar takan bi hannun waliyyai da wakilai, aure ya watse ana saura kwana uku, gari duka ya san dalili, yarinyar da aka haifa da cutar ba da laifinta ba ta zama abin nuni. Tsoron wannan fallasa shi ke tura wasu sayen takardar jabu, wadda ita ce asalin abin da aka so a guje wa.

A Bauchi hukumar jiha ta daɗe tana haɗa aure tsakanin masu ɗauke da cutar, har ta taimaka da sadaki. Ilmin yau ya ƙara buɗe wata ƙofa, tun da an tabbatar cewa mai shan magani yadda ya kamata yana iya auren wadda ba ta da cutar su haifi 'ya'ya lafiyayyu, idan an yi bisa sani da yarda da kulawar likita. Wannan bayani ya kamata ya isa kunnen limamai da masu unguwanni, domin su ne ake kai wa shawarar aure, kuma su ne za su iya tuna wa jama'a cewa yaɗa sirrin mara lafiya giba ce.

Ranar da Amurka ta ɗaure bakin jaka

Ba a cika wata biyu da buɗe kasuwar Kara ba, ranar 20 ga Janairu na 2025, Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin dakatar da taimakon da Amurka take bai wa ƙasashen waje. PEPFAR ta zuba fiye da dala biliyan 6 a Nijeriya tun 2004, kuma a lokacin an ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin ɗari na kuɗin yaƙi da cutar a ƙasar nan daga waje yake zuwa. An yi sassauci daga baya domin maganin ceton rai da kare jarirai su ci gaba, amma ayyukan wayar da kai, da tallafin marayu, da alawus na masu bin sawun marasa lafiya, da yawansu sun tsaya ko sun raunana, kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da suke riƙe matashi a kan magani.

Gwamnatin tarayya ta motsa. A Fabrairu na 2025 majalisar zartarwa ta amince da naira biliyan 4.8 domin sayen magani, majalisar dokoki kuma ta ƙara kimanin dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin cike gurbi. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate da shugabar NACA, Dakta Temitope Ilori, sun yi ta nanata cewa lokaci ya yi da ƙasa za ta ɗauki nauyin 'ya'yanta, har da ƙera maganin a cikin gida. Tun a 2022 ma an ƙaddamar da wani asusu na 'yan kasuwa da burin tara naira biliyan 62. Jami'an gwamnati suna cewa ƙwaya ba ta yanke ba. Masu fafutika suna amsawa da cewa ƙwayar da ke cikin sito a Abuja ko Kaduna ba ta da amfani ga yarinyar da ke Tabanni ta Birnin Gwari sai an sami mai kai mata.

A nan ne nauyin ya sauko kan jiha da ƙaramar hukuma. Kaduna ta gyara cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa cikin 255 da take da su, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin irin waɗannan cibiyoyi. Ƙa'idar magani ta yanzu ta yarda a ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku har zuwa shida a lokaci guda, ta yarda a kai magani cikin al'umma maimakon kowa ya zo babban asibiti. Abin da ake buƙata domin wannan ya tabbata a Birnin Gwari sananne ne kuma ba mai yawa ba ne: ma'aikatan da za su yarda su koma cibiyoyin da aka gudu aka bari, da man babur na kai magani da ɗauko jini zuwa ɗakin gwaji a birni, da kuɗin mota ga marayan da ba shi da mai biya masa, da albashi ɗan daidai ga matasan da aka riga aka horar.

A Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Tsarin yaƙi da cutar ya tanadi kwamiti a kowace ƙaramar hukuma, wanda a wurare da yawa sunansa kaɗai ya rage saboda ba a sakar masa ko sisi. Kansilolin mazaɓu 11 na Birnin Gwari su ne suke zama a kan kasafin majalisarsu kowace shekara, kuma a wannan zama ne ƙungiyoyin matasa, da wakilan fada, da limaman Juma'a ya kamata su je su tambayi nawa aka rubuta wa wannan kwamiti, nawa kuma aka fitar.